Buhun Da Aka Hana Mu Kwancewa: Mu Da Kurmin Kuros Riba



Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana yau shi ne wani abu da ya faru da ɗaya daga cikin direbobinmu, wanda shi da kansa ya kawo gaban shugabanni a zaman da ya gabata. Ya gama lodin ayaba da namijin goro a wajen Ikom zai kama hanyar Arewa, sai ga wani mutum a kan babur da buhu uku ɗaure tamau. Ya ce a cusa masa su a ƙarƙashin kaya, akwai wanda zai tare motar a hanya ya karɓa. Kuɗin da ya yi tayin bayarwa a kan buhu ukun nan ya kusa rabin kuɗin lodin gaba ɗaya. Direban ya ce yawan kuɗin ne ma ya fara tsorata shi. Ya taɓa buhun ya ji abu yana ƙaras-ƙaras, ga wani ƙarni yana tashi. Ya ce sai an kwance ya gani. Mutumin ya ƙi, ya mayar da kayansa kan babur ya yi gaba. Daga baya yaran tasha suka gaya masa ai ɓawon ɗankunya ne.

A wurin zaman ra'ayi ya rabu biyu. Wasu sun ce ya kyauta. Wasu kuwa, kuma ba yara ba, suka ce ya yi wa kansa asarar banza: shi direba ne ba ɗan sanda ba, ba shi ya kashe dabbar ba, kuma in bai ɗauka ba motar da ke bayansa za ta ɗauka. Wannan magana ta biyu ita muke so mu amsa, domin mun san akwai da yawa da ke da wannan tunani ko da ba su furta ba.

Mu Hausawa duk Kudu Kurmi muke ce mata. Wanda ya tafi Legas ya tafi Kurmi, wanda ya tafi Aba ma haka. Amma kurmi na ainihi, wanda rana ba ta taɓa ƙasa saboda duhun itatuwa, ya kusa ƙarewa a Najeriya, kuma mafi yawan abin da ya rage yana nan jihar da muke zaune. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta keɓe wani babban yanki nasa ta mai da shi Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 4,000. Kashi biyu ne. Akwai ɓangaren Oban a wajen Akamkpa, wanda ya jingina da gandun Korup na Kamaru, akwai kuma ɓangaren Okwangwo can sama wajen Boki da Obudu, wanda ya jingina da gandun Takamanda. Da yawa cikinmu mun shekara ashirin muna wuce allon ofishinsu a Akamkpa ba mu taɓa tambayar me ake tsarewa a ciki ba.

Abu na farko da ake tsarewa shi ne wani nau'in gwaggon biri da babu shi a ko'ina a duniya sai a duwatsun da ke tsakaninmu da Kamaru. Masana sun ƙiyasta duk abin da ya rage nasu bai wuce 300 ba, kuma wajen 100 ne a ɓangaren Najeriya, a warwatse tsakanin dutsen Afi, duwatsun Mbe da Okwangwo. Ku auna da kanku: mutanen da ke cika sahu a masallacin Bogobiri ranar Juma'a sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Macensu ɗa ɗaya take haifa, kuma sai ta yi kamar shekara huɗu kafin ta sake. Dabbar da ke haihuwa haka, in aka kashe uwa ɗaya an yi ɓarnar da shekara goma ba za ta gyara ba. Akwai kuma birin da ake kira diril, mai baƙar fuska da ɗan guntun wutsiya, wanda shi ma daga nan sai kudu maso yammacin Kamaru sai tsibirin Bioko. Akwai sauran giwayen kurmi 'yan kaɗan, akwai aku mai jan wutsiya, akwai shi ɗankunyan da ya jawo maganar.

Shi ɗankunya ko haƙori ba shi da shi. Tururuwa da gara yake ci. In ya ji motsi sai ya dunƙule kamar gammo ya jira abin ya wuce, abin da ya sa muka ba shi wannan suna ke nan. Wannan dabara tana cetonsa daga damisa, amma ga ɗan Adam sai dai a sunkuya a ɗauke shi a jefa a buhu. Ɓawon da ake kashe shi dominsa kuwa, abu ɗaya ne da farcen hannunmu da ƙahon saniya. Wasu a ƙasashen Sin da Biyetnam sun yarda magani ne, suna biyan maƙudan kuɗi, shi ya sa aka kusa ƙarar da na can aka juyo kan na Afirka. Tun 2016 ƙasashen duniya suka amince a haramta cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa kwata-kwata, a taron da aka saka aku ma cikin irin wannan haramci, kuma Najeriya tana cikin yarjejeniyar. Mu ma a gida muna da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, aka yi mata gyara a 2016.

Duk da haka, a watan Afrilun 2019 hukumomin Singafo sun kama kwantena biyu cikin mako guda da suka taso daga Najeriya, ɗauke da ɓawon ɗankunya fiye da tan 25. Ɗaya daga cikinsu an rubuta a takarda wai daskararren naman shanu ne. Dubban dabbobi ke nan a kama ɗaya. A watan Oktoban 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙona kusan tan 4 na wannan ɓawo a Abuja, a Janairun 2024 kuma ta niƙe hauren giwa tan biyu da rabi. A Disambar 2024 an samu jaririn gwaggon biri a cikin akwati a filin jirgin saman Istanbul na Turkiyya, an ɗauko shi daga Najeriya za a kai shi Tailan. Da aka gwada jininsa sai aka ga ma ba irin na ƙasar nan ba ne, wato daga wata ƙasa aka shigo da shi aka fitar ta wajenmu. Najeriya ta zama hanya, kuma iyakar Mfum da ke bayan Ikom da ƙananan hanyoyin da ke kewaye da ita duk mun san su.

To a nan ne muke so masu cewa "ni direba ne kawai" su tsaya su yi tunani. Kwantena ba ta cika daga sama. Mafaraucin da ke cikin ƙauyen Boki bai san kowa a Biyetnam ba, bai san ma inda tashar Apapa take ba. Abin da ya sani shi ne akwai wani a kasuwa da ke saye in an kawo. Shi mai sayen ya san wani da ke tarawa, mai tarawa yana bukatar mota, mota tana bukatar direban da ba ya tambaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ranar da babu mai saye kuma babu mai ɗauka, mafarauci ba zai kwana uku a daji yana neman abin da ba zai iya sayarwa ba.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan tsakiyar ita ce wurin da muka fi ƙarfi. Mu ba ma cin biri, ba za ka ga Bahaushe a layin masu naman daji yana tayin cinyar diril ba, kuma mukan yi alfahari da haka. Amma saye da tarawa da dillanci da sufuri sana'ar iyaye da kakanni ce. Ita ta kawo kakanninmu Kalaba tun kafin a haifi kowa a cikinmu. Mun san yadda ake haɗa mudu-mudu ya zama buhu, buhu-buhu ya zama tirela. Duk mai neman fitar da haramtaccen kaya daga kurmi irin wannan basira yake nema, kuma ba ƙaryar kowa ba ce cewa akwai 'ya'yanmu da suka riga suka ba da tasu haya. Ba mu ce su ne suka fi yawa a harkar ba, akwai kowace ƙabila har da baƙi daga ƙetare. Namu dai muke da ikon yi wa magana.

Haka nan 'yan uwanmu masu maganin gargajiya da ke baza fatu da ƙasusuwa da kawunan tsuntsaye a bakin kasuwa, da samarin da ke yawo da aku a keji ko ɗan biri da igiya a ƙugu suna neman mai saye. Wanda ya sayi ɗan biri don yara su yi wasa da shi ya sani cewa uwar biri ba ta ba da ɗanta da rai. Sai an harbe ta ake ɓamɓare shi daga jikinta. Wanda ke shakka ya je gidan renon diril na Pandrillus da ke nan cikin Kalaba, wanda wasu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, suka kafa a 1991. Da irin waɗannan marayun aka fara shi.

Yanzu bari mu ba masu ja da mu haƙƙinsu, don ba duka maganarsu ce banza ba. Sun ce gwamnati ta fi damuwa da biri a kan mutum. Akwai ƙamshin gaskiya. Lokacin da aka shata gandun akwai ƙauyukan da suka wayi gari a tsakiyarsa, irin su Okwa da Okwangwo, aka yi musu alkawuran ci gaba da yawa ba a cika ba. Har yau akwai inda in mace ta kasa haihuwa sai an ɗauko ta a kafaɗa ana ratsa rafi. Mutumin da aka hana farauta da faɗaɗa gona a dajin kakansa, ba a ba shi komai a madadin ba, ba za mu zauna a inuwar shago mu kira shi mugu ba. Sannan ga manyan motocin katako da ke fita dare da rana. A 2008 gwamnatin Liyel Imoke ta hana saran katako a jihar, hanin ya yi shekara 15 kafin gwamnatin Bassey Otu ta ɗage shi a 2023, amma duk wanda ke bin hanyar Ikom ya san ko a shekarun hanin motocin ba su daina wucewa ba. Mai ƙaramin buhu a kama shi, mai tirelar gungume a ɗaga masa hannu. Wannan rashin adalci ne, kuma muna faɗa da babbar murya.

Sai dai duk wannan hujja ce ta mutumin Okwa. Ba hujjar ɗan kasuwar da ya zo daga Kano ko Sakkwato ba ce. Mu ba a karɓe mana gona ba, ba a yi mana alkawarin da aka saɓa ba. In muka shiga wannan harka riba ce kawai ta kai mu.

Kuma su kansu masu dajin, ku dubi abin da wasunsu suka zaɓa. Duwatsun Mbe ba na gwamnati ba ne, na ƙauyuka tara ne da ke kewaye da su. Su suka haɗu suka yanke cewa babu farauta a tsakiyar dutsen, suka ba da 'ya'yansu, wasu ma tsofaffin mafarauta, suna sintiri suna kwance tarkon waya tare da taimakon ƙungiyar WCS. Shi tarkon waya don gafiya da gada ake ɗana shi, amma bai san bambanci ba, yakan guntule hannun ɗan gwaggon biri kamar yadda yake kama ƙafar gada. A 2020 kyamarorin da aka ɗaure a jikin itatuwa a can suka ɗauko hoton garken gwaggon biri da jarirai goye a baya, hoton da ya zaga duniya. Haka mutanen Ekuri suka tsaya a 2016 lokacin da gwamnatin Ben Ayade ta ce ta karɓe kilomita 10 hagu da dama na babbar hanyar nan mai tsawon kilomita 260 da aka ce za a yi daga Kalaba zuwa iyakar Binuwai. Mu 'yan kasuwa, in za mu faɗi gaskiya, mun yi murna da labarin hanyar, don mun san abin da hanyar Ogoja ke yi wa taya da ƙugu. Amma su suka ce hanya daban, ƙwace daji daban, suka yi ta kai ƙorafi har aka janye batun karɓe filin a 2017. Mutanen da suka tsaya wa gwamnansu a kan dajin nan, me muke zaton za su yi wa baƙon da suka gane shi ke kwashe abin da ke ciki?

Wannan ita ce maganar da ta fi hana mu barci. Mu baƙi ne a nan ko da an haife mu a Bogobiri, kuma mun san yadda sunanmu yake: mutum ɗaya ya yi, a ce "Hausawa ne". Ba mu manta da Uromi ta jihar Edo ba, inda a watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 16 'yan jihar Kano da ke komawa gida yin Sallah, aka yi musu kisan gilla a kan zargi. Zalunci ne tsagwaronsa wanda babu uzurin da zai wanke shi, Allah ya jiƙansu. Amma ya nuna mana saurin da zargi ke kama ɗan Arewa a Kudu ko da hannunsa babu komai. Yanzu ma duk mun ji yadda ake maganar masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba a dazukan wajen Akamkpa, da yadda ake liƙa abin ga 'yan Arewa baki ɗaya. A irin wannan yanayi, a kama motar ɗan ƙungiyarmu da buhun ɗankunya a ƙarƙashin ayaba, a ɗauki hotonsa a zaune a ƙasa a watsa a Facebook, wa zai biya? Mai shayi da mai facin takalmi da mai tura baro, waɗanda ko sunan dabbar ba su taɓa ji ba.

Akwai kuma abin da mu muka fi mutanen nan sani, domin mun gani a gida. Sambisa wurin ajiye namun daji ne kafin ya zama abin da ya zama. Kamuku da ke Birnin Gwari gandun dajin ƙasa ne kamar wannan. Falgore, Rugu, kowa ya san labarinsu. Daji idan masu gadinsa suka yi rauni ba ya zama babu kowa, wasu ne ke shiga. Hanyar da mai fasa-ƙwaurin haure ya buɗe, da jami'in da ya koya wa karɓar na goro, su ne gobe mai safarar bindiga zai yi amfani da su. Da yawa cikinmu rashin tsaro ne ya hana mu zuwa gida noma. Bai kamata mu ne za mu taimaka a lalata gadin dajin da ke bayan gidan da muka samu mafaka ba.

Ko ta fuskar kasuwa ma, dajin nan a tsaye ya fi mana amfani. Sandar da Bafulatani ke saɓawa a kafaɗa yana kiwo, mai ƙarfin nan da ba ta karyewa, da yawanta daga kurmin nan da na Kamaru ake sarowa, ta bi ta Ikom a hannun dillalanmu ta tafi Arewa. Har mutanen nan suna kiranta sandar Hausawa. Masu saran sun fi kowa sanin cewa yanzu sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu mai kauri. Namijin goro, ogbono, zuma, duk 'ya'yan kurmi ne. Shi iccen ogbono giwa na cikin masu shuka shi, ta haɗiye ɗan ta je ta kasayar da ƙwallon a wani wuri mai nisa ya tsiro. Wanda ke cin riba da ogbono yana kuma sayen haure, reshen da yake zaune a kai yake sara.

Masu cewa in bai ɗauka ba wani zai ɗauka, wataƙila haka ne. Mai yiwuwa buhu ukun nan sun samu mota a ranar. Amma haka ake cewa a kan kayan sata da ƙwaya, kuma ba mu taɓa jin wani dattijo a cikinmu ya karɓi wannan a matsayin uzuri ba. Tsarin tasha da muka gada shi ne ba a ɗora kayan da ba a san mai shi ba, ba a kuma san abin da ke ciki ba. Direbanmu bai yi wani sabon abu ba, tsohuwar ƙa'ida ya bi. Ya kamata a ce an yi masa godiya a wurin, ba a bar shi yana kare kansa ba.

Saboda haka ga abin da za mu gabatar a zama mai zuwa, kuma muna sanar da shi tun yanzu don kowa ya zo da shirinsa. Muna neman a rubuta cikin dokokin ƙungiya cewa duk ɗan ƙungiyar da aka kama da ɓawon ɗankunya, hauren giwa, fatar damisa, aku ko biri mai rai, ba za a taɓa asusun ƙungiya don belinsa ba, kuma shugabanni ba za su je su tsaya masa a matsayin ƙungiya ba, sai in ta tabbata cusa masa aka yi bai sani ba. Mun san wannan zai yi wa wasu ɗaci, don ba mu saba barin namu a hannu ba. Amma kuɗin asusun nan daga ɗari biyar-biyar ɗin masu ƙaramin ƙarfi aka tara shi, don mara lafiya da gawa da wanda aka zalunta. Muna roƙon iyayenmu sarakunan Hausawa na Kalaba, Ikom da Ogoja, Allah ya ƙara musu lafiya, su kira shugabannin tasha da na masu maganin gargajiya su ji ta bakinsu kafin ranar, kuma muna roƙon limamanmu su duba mana hukuncin wannan ciniki su yi mana bayani, don wannan fagensu ne ba namu ba.

Wanda kuma yake da ɗan biri ko aku a gida yanzu haka, ya saya ne cikin rashin sani ko an ba shi kyauta, kada ya ji tsoro ya je ya yar da shi a bayan gari, ba zai rayu ba. Ya zo ofishin ƙungiya bayan sallar La'asar kowace rana ban da Juma'a, za mu haɗa shi da mutum biyu daga cikin shugabanni su raka shi a miƙa wa masu kula da su.

Sakataren Ƙungiya